Tsatsar Motar Asibiti

Ranar da aka sa za a raba taki a Tudun Gawo, wani ƙauye da ke ƙasar Sandamu, tun da hantsi manoma suka cika bakin siton ƙungiya da amalanke da babura. Ruwa ya sauka sau uku cikin mako biyu, gero ya fito ya miƙe, kowa yana sauri ya zuba taki kafin noman farko. Takin kuwa nasu ne. Karo-karo suke yi tun da kaka, su saya lokacin da yake da sauƙi, su ajiye har damina ta kama.

Layin farko na buhunan ya fita lafiya, na biyu ma haka. Da aka zo na uku, wani manomi ya ɗora nasa a kan babur sai ɗinkin ya ɓalle, ƙasa ta tsiyayo masa a kan takalmi. Aka farke na kusa da shi, ƙasa ce. Kafin azahar an tabbatar fiye da rabin abin da ke cikin siton ƙasa ce aka ɗura a buhunan taki aka sake ɗinkewa.

Nan take zargi ya rabu biyu. Wasu suka ce ai ba sai an je nesa ba, Sabiru ne ke riƙe da makulli, kuma kwaɗon ba a fasa shi ba. Wasu suka nuna shagon Azubuike, mai sayar da kayan gyaran mota da babur, wanda bayansa ke jingine da katangar siton, ga kuma tulin yashi a ƙofarsa. Har samari sun fara taruwa a gaban shagon, sai Maigari ya aiko aka kore su, ya ce kada wanda ya taɓa kowa, a kira masa Kalilu.

Kalilu ya haura shekara sittin. Da can maharbi ne, da daji ya ƙare sai ya koma bin sawun shanun sata, ya sha bin sawu har ya tsallaka Mai'adua ya dawo da dabba. Mutum ne marar yawan magana, idan yana tafiya kansa a ƙasa yake. Maigari ya ba shi kwana biyar, ya ce in ba a gano ba zai miƙa maganar ga 'yan sanda, su kwashi duk wanda suka ga dama.

Siton yana cikin wani fili mai katanga da ƙofar ƙarfe. A gefe guda na filin akwai rumfar kwano inda ake ajiye motar asibiti, wata tsohuwar farar bas da 'yan garin mazauna birni suka saya don kai marasa lafiya da masu naƙuda Daura. Kalilu ya zagaya filin sau biyu, bai sami komai ba. Ƙafar mutum ɗari ta tattake wurin tun da safe, ruwan sama kuma ya wanke sawun kwanakin baya. Ya shiga ciki ya duba ɗinkin buhunan, ya ga na hannu ne, an yi shi a tsanake. Wanda ya yi wannan aiki ba a firgice ya yi ba, kuma ba rana ɗaya ya yi ba. Ya ɗebi ƙasar ya murza a tafin hannu, ya zuba kaɗan a aljihu.

Sabiru yana zaune a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Kalilu ya tsuguna kusa da shi ya tambaye shi a hankali. Sabiru ya ce shi ba ya ƙirga buhu sai ranar da aka kawo da ranar rabo, tsakani kuwa leƙawa kawai yake yi ya ga tuli yana nan. Ya ce nasa kason ma yana cikin waɗanda suka zama ƙasa. Da Kalilu ya tambaye shi ko makullin ya taɓa kwana a hannun wani, sai ya yi saurin rantsuwa, amma idonsa yana kan ƙasa. Kalilu bai matsa ba. Da yamma ya bi ta gidansa kamar mai wucewa, ya ga danga ta faɗi ba a gyara ba, akuya ɗaya ce a turke. In Sabiru ya sayar da taki, to babu alamar abin da ya yi da shi.

Washegari ya tafi wurin Azubuike. Shekararsa ashirin da wani abu a garin, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari, 'ya'yansa duk a nan aka haife su. Ya rufe rabin ƙofar shago, matarsa da yara ya tura su Daura tun jiya. Kalilu ya gaishe shi, ya tsuguna a gaban tulin yashin, ya ɗebo, ya fito da na aljihunsa ya ajiye su gefe da gefe a kan benci. Na Azubuike yashin rafi ne mai tsakuwa, na gini. Na cikin buhunan rairayi ne mai laushi, irin na bakin hanya, har da guntayen kashin awaki a ciki. Ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya dawo da iyalinsa.

Azubuike bai yi murna ba. Ya ce shi ya san garin nan, in an rasa wanda za a kama sai a kama wanda ba shi da mai tsaya masa, ai haka aka yi wa Jibril.

"Ni na sayar masa da kayan da ya yi aikin motar asibiti da su, Baba Kalilu," in ji shi. "Masu kyau ne, na faɗa a lokacin, ba wanda ya saurare ni. Yanzu ga shi Jibril ba ya nan, kuma duk wata biyu sai Mahdi direba ya zo ya sayi fila, abin cike ramin bodi, ya toshe rami. Wa za a zarga kuma?"

Maganar ta soki Kalilu, don da hannunsa a ciki. Jibril shi ne mai gyaran bodin mota na garin, tsaransa ne, tare suka yi makarantar allo. Shekara biyu da suka wuce tsatsa ta ci ƙasan motar asibiti, aka ba shi ya gyara. Wata huɗu tsatsar ta dawo. Ya sake gyarawa, ta sake dawowa fiye da da. Mahdi, direban motar, ya kai ƙara gaban dattawa cewa Jibril ya yi algus, ya shafe ruɓaɓɓen ƙarfe da fenti ya ce ya gyara. Shi kuwa Mahdi ɗan marigayi Sadiq ne, abokin farautar Kalilu, kuma Kalilu ne ya tsaya aka ba shi tuƙin motar. A zaman da aka yi, Kalilu ne ya fara cewa wanda zai cuci motar masu naƙuda ba abin da ba zai iya ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara kai wa Jibril ko tankin babur. Kafin shekara ta zagayo ya tattara kayansa ya koma Dutsi.

Kalilu ya yi wa Azubuike sallama ya tafi.

Kwana biyu suka wuce a banza. Ya bi labarin wani mai amalanke da aka ce an gan shi da buhuna, ya tarar dusa ce. Ya je kasuwar Mai'adua ya zagaya rumfunan masu taki, ba wanda ya ga buhu mai tambarin ƙungiyarsu. A gari kuwa mutane sun daina amsa sallamar Sabiru, geron da bai sami taki ba ya fara yin ruwan ɗorawa.

Rana ta huɗu da hantsi ya koma filin siton, ba don yana sa ran komai ba. Motar ta fita da wata mai naƙuda, sai ya shiga rumfarta ya zauna don inuwa. Idonsa, kamar yadda ya saba, ya sauka ƙasa. Inda motar ke tsayawa akwai ɓarɓashin tsatsa da ya zubo, ya yi layi biyu. Wannan ba abin mamaki ba ne ga tsohuwar mota. Abin da ya tsayar da shi shi ne ɓarɓashin a jiƙe yake, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta yi duhu, alhali rumfar ba ta yoyo kuma kwana huɗu ba a yi ruwa ba. Ya ɗauki wani ɓallin ƙarfe mai faɗin tafin hannun yaro, ya juya shi. A gefensa akwai wani fari-fari kamar gishiri. Ya taɓa da harshe, ya ji ɗaci da sanyi. Ya tofar.

Ya daɗe a zaune. Dokar gari ce ba a ɗaukar komai a motar nan sai marar lafiya da mai jinyarsa, ko buhun masara ba a yarda ba. Takin ƙungiya kuwa babbar mota ce ke kawo shi har bakin sito. Zuciyarsa ta gaya masa abin da ya gani, amma shi sawun dabba ya sani, bai san ƙarfe ba. Mutum ɗaya ya sani da zai iya karanta masa wannan, kuma shi ne mutumin da ba ya son haɗa ido da shi. Ya naɗe ƙarfen a ƙyalle, ya hau babur ɗin haya zuwa Dutsi.

Ya sami Jibril a wata 'yar rumfa a bayan tasha, yana buga murfin wata tsohuwar a-kori-kura. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ya amsa sallama, ya nuna masa benci, bai daina aikinsa ba sai da ya kai inda yake so. Gaisuwar ta kasance gajeriya. Kalilu ya kwance ƙyallen ya miƙa masa, bai faɗi daga inda ya fito ba.

Jibril ya juya ƙarfen sau ɗaya, ya kankare gefensa da farce, jan fenti ya bayyana a ƙarƙashin farin. Ya ce wannan aikinsa ne, daga ƙasan motar asibitin Tudun Gawo, ɓangaren hagu inda gado yake.

Sai ya fara bayani, da muryar mai koyarwa, ba tare da ya dubi Kalilu ba. Ya ce tsatsa ba ta da wani sirri. In ta kama, sai a kankare ta har ƙarfe ya yi fari, inda ya ruɓe a yanke a jefar, a yi waldar sabon ƙarfe. A goge, a busar, a shafa jan fenti mai hana tsatsa tun ƙarfen bai sha iska ba, sannan fenti na sama, sannan a toshe duk wata gaɓa da ruwa zai iya kwanciya. Fila kuwa don gyara fuska ake sa ta, wanda ya shafa ta a kan tsatsa ya rufe ciwo ne da ƙyalle, daga ciki za ta ci gaba da ci. Ya ce in an yi aiki yadda ya kamata, abu biyu ne kawai ke dawo da tsatsa, ko dai an bar wata a ciki, ko kuma ana ciyar da ita. Karo na biyu da ya gyara motar nan, ƙasan gaba ɗaya ya yanke ya sa sabo, babu tsohuwar tsatsar da ta rage balle ta dawo.

Ya ɗaga ƙarfen ya nuna masa. Tsatsar ruwa da laka daga ƙarƙashin mota take farawa ta yi sama. Wannan kuwa daga sama ta fara, daga cikin mota, fentin ƙarƙashin yana nan lafiya. Kuma ba ta bushewa, don abin da ke cinta yana jan laima ko da rani ne. Gishiri yana yin haka, kanwa tana yi, amma ba abin da ya kai takin zamani.

"Tun a lokacin ka gane?" Kalilu ya tambaya.

"Na yi zato. Na tambayi yaron me yake ɗauka a motar ban da marasa lafiya. Kwana uku bayan nan aka kira ni gaban dattawa."

"Me ya sa ba ka faɗa a wurin ba?"

Jibril ya dube shi karo na farko. "Na fara faɗa, Kalilu. Kai ka ce in yi shiru, kada in shafa wa maraya laifina."

Kalilu ya tuna. Ya tuna har inda yake zaune a zauren ranar.  Jibril ya mayar masa da ƙarfen, ya ce in yana son shaida ya sa a kwance gadon, a ɗaga shimfiɗar robar, a duba cikin kwarin ƙarfen inda tsintsiya da ruwan wanki ba sa kaiwa. Kalilu ya roƙe shi ya zo ya faɗa da bakinsa. Jibril ya ce shi ya gama magana a zauren Tudun Gawo, ya ɗauki gudumarsa.

Da safen rana ta biyar Kalilu ya sami Mahdi yana wanke motar. Saurayi ne mai fara'a, shekararsa talatin da 'yan kai, ba gidan da bai taɓa ɗaukar wani nasu ba. Ya ajiye bokiti ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaya ko an dace. Kalilu ya dube shi, ya ga goshin Sadiq da idanun Sadiq. Ya ce masa in akwai abin da yake so ya gaya masa, su biyu, to yanzu ne lokacinsa. Mahdi ya yi murmushi ya ce ba komai, Baba. Kalilu ya ce to bayan la'asar ya kawo motar ƙofar Maigari.

Bayan la'asar ƙofar gidan ta cika. Maigari yana kan kujerarsa, dattawa a kan tabarmi, Sabiru da Azubuike an zaunar da su a gaba, kowa yana jiran a nuna ɗaya daga cikinsu. Kalilu ya fara da Azubuike, ya zuba yashin biyu a kan faranti ya zagaya da shi, ya ce wannan mutum ba ruwansa. Sannan ya juya ga Sabiru ya ce masa rantsuwar da ya yi ranar farko ba ta zauna masa ba, ya faɗi gaskiya yau ko da ta ba shi kunya, don ita ce za ta fitar da shi.

Sabiru ya gyara zama. Sai ya ce shekara uku da suka wuce, lokacin da matarsa Ikilima ta yi doguwar jinya a Daura, ya kwana goma sha a can. Ana bukatar buɗe sito a zuba maganin ɓera, sai ya ba Mahdi makullin ya kawo gida, bayan kwana biyu ya mayar masa. Ya ɓoye ne don an yi masa sharaɗin kada ya ba kowa, kuma bai ga yadda zai ambaci sunan mutumin da ya ɗauki matarsa a hannu ya sa a mota ba.

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya ce ba da makulli shekara uku baya ba shaida ba ce. Kalilu ya ce gaskiya ne. Ya roƙi Azubuike ya kawo sifana ya kwance gadon motar. Aka fito da gadon, aka ɗaga robar. Ƙasan motar duk faci ne na fila, wani kan wani, tsakaninsu tsatsa ta yi jajir tana naso. Kalilu ya sa bakin wuƙa a cikin kwarin ƙarfen ya ja. Abin da ya fito dunƙule ne fari, wani ya narke ya daskare, wani yana nan ƙwaya-ƙwaya, gauraye da rairayi mai laushi. Ya zuba a tafin Maigari. Babu manomin da ke wurin da bai san ƙwayar taki ba.

Ya faɗa musu abin da Jibril ya koya masa, bai rage ba, bai kuma ɓoye daga wurin wa ya ji ba. Ya ce tsatsar nan ba ta bana ba ce, tun shekarar da aka fara cewa taki yana zuwa da algus take, lokacin da kowa ya ɗauka daga wurin masu sayarwa ne.

Mahdi yana tsaye a jikin ƙofar motar. Bai yi musu ba. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya ce a Daura ya yanka wani makullin. Ranar kasuwar Mai'adua, in gari ya watse, yakan ja motar bakin sito kamar zai wanke ta, ya juye takin a buhunan hatsi, ya cika na ƙungiya da rairayin da ya ɗebo a hanya. Motar asibiti ba mai tsayar da ita, ba mai leƙa cikinta. Shekarar farko buhu biyu ya ɗauka don gonarsa. Ta biyu ya sami mai saya. Bana ya kasa tsayawa.

Maigari ya tambaye shi dalili. Ya ce shekara biyar yana tuƙa motar nan, rana da damina, ana sa masa albarka, ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da iyalinsa suka ci, gonarsa kuma ciyawa ta cinye don kullum yana hanya. Wasu dattawan suka sunkuyar da kai, don sun san ba ƙarya ya yi ba. Kalilu ya ce wannan laifinsu ne su duka, kuma nasa ya fi, tun da shi ya kawo shi. Amma akwai tambaya ɗaya.

"Jibril fa? Shi me ya hana ka?"

Mahdi ya rufe fuska da hannu. "Ya tambaye ni abin da nake ɗauka, Baba. Na ji tsoro. Na san in na riga shi magana, ni za ka gaskata."

 Maigari ya sa aka shiga da Mahdi zaure kafin samari su farga, washegari aka miƙa shi ga hukuma. Kalilu ne ya raka shi har Sandamu. Da za su rabu Mahdi ya roƙe shi ya duba masa yaransa, ya ce zai duba.

Takin bai dawo ba, ya daɗe da tsallaka iyaka. Aka raba ɗan abin da ya rage, kowa ya sami abin da bai kai rabin bukatarsa ba, masu shanu suka taimaka wa maƙwabta da takin gida. Sabiru ya ajiye makulli da kansa. Azubuike ya dawo da iyalinsa, amma ya daina zama a majalisar bakin tasha. Motar kuwa aka jingine ta, don da aka kankare filar sai ga rami da ƙafar mutum za ta iya faɗawa, ba wanda zai yarda a kwantar da mai naƙuda a kai.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Kalilu ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi ne ya fara kiran Jibril macuci, kuma ƙarya ce, mutumin aikinsa mai kyau ne. Dattawa suka yanke shawarar a aika a ba shi haƙuri, a roƙe shi ya dawo, rumfarsa tana nan. Kalilu ya ce shi zai je.

Ya same shi a inda ya bar shi. Wannan karon Jibril ya ajiye guduma ya zauna. Kalilu ya ba shi labarin duk yadda aka yi, ya isar da saƙon gari, sannan ya ce saƙon gari daban, nasa daban, ya zo ne ya nemi gafara.

Jibril ya ce motar a jawo ta nan Dutsi, zai yanke ƙasan ya sa sabo, don matan da ke haihuwa ba su yi masa komai ba. Ya ce a gaya wa duk wanda zai riƙe ta ya riƙa ɗaga robar yana busar da ƙasan bayan wanki, in ya ga fenti ya kumbura ko kamar ƙwayar gero ne ya kankare ya shafa jan fenti a ranar, kada ya jira. Komawa kuwa ba zai koma ba. Gafara kuma ya yafe, tun ranar da Kalilu ya zo da ƙarfen a ƙyalle.

Kalilu ya yi godiya, amma bai tashi ba. Akwai abin da ya kasa faɗa a zuwansa na farko. Wata bakwai da suka wuce labari ya iso Tudun Gawo cewa Barakatu, matar Jibril, ta rasu. Ya ji, ya yi niyyar zuwa, kunya ta hana shi, har kwanaki suka wuce. Yanzu ya yi masa ta'aziyya.

Jibril ya amsa. Sannan ya ce ita ce ta fi shan wahalar abin. A Tudun Gawo aka haife ta, can 'yan'uwanta suke, amma tun ranar da wata ta kira ta matar mai algus a gidan suna ba ta ƙara taka garin ba. Har ta kwanta ciwo tana cewa wata rana gaskiya za ta fito, ta koma ta zauna a gaban matan nan.

"Ni na ji da kunnena, Kalilu," in ji shi. "Ita ce ba ta ji ba."

Kalilu ya tambaya ko maƙabartar da nisa. Jibril ya ce bayan gari ce kaɗan. Ya tashi ya rufe akwatin kayan aikinsa, ya ja ƙyauren rumfar, ya wuce gaba, Kalilu yana bin sa a baya.